Ɗakin Bature a Bayan Akori-kura

Motar maigidana akori-kura ce, ƙarama, mai ruwan toka, kuma da ita muke ci muke sha. Ba mu da gona a Birnin Gwari, ba mu da shago. In ta fita kasuwannin ƙauye ta kwaso dawa da doya da man kaɗe, tukunya ta hau murhu a gidanmu. In ta kwana biyu a wurin bakanike, sai in fara rage hannu a tuwo. Ya daɗe yana tuƙa motocin mutane kafin Allah ya ba shi tasa, shi ya sa yake lallaɓa ta kamar ƙwai. Mutum ne mai sanyin hali, amma ka jingina kekenka a jikin motar nan ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. A lokacin ba a daɗe da sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama ba, direbobi na ta gwabza wa juna a kan kwalta, shi kuwa ko ƙwarzane bai taɓa yi mata ba.

Babana kuku ne. Tun kafin a haife ni yake dafa wa Turawa abinci, ya bi wannan ya bi wancan, har ya ƙare a wurin wasu masu neman ma'adinai da suka kafa sansani a bakin daji, kusa da Tsohon Birnin Gwari. Da aikinsu ya ƙare za su koma ƙasarsu, babbansu ya kira Baba ya ba shi kyautar ɗakin da yake kwana a ciki. Ɗakin ƙarfe ne mai tayoyi, da tagogin gilashi, da gado, da kabad, har da wurin wanke hannu. Tayoyinsa a baya kawai suke. Gabansa ba ƙafa, sai wani wuya da ya ɗaga sama ya miƙo gaba, wanda ake ɗora wa mota a gadon baya, a zura wani ƙaton ƙarfe a rami a kulle. Wato ba jan sa kawai mota take yi ba, goya shi take yi. Su Turawan da babbar motarsu suke goya shi, ita kuwa sun tafi da abarsu.

Baba ya ce Kakangi za a kai ɗakin. Can ne garinmu na asali, ya baro shi tun yana saurayi, kuma duk tsawon shekarun nan 'yan'uwansa manoma ba su daina yi masa shaguɓe ba, wai namiji guda ya bar fartanya ya kama ludayi. Yana so ya koma gida kafin a gama shuka, ya kafa ɗakin nan a ƙofar gidan ubansa, kowa ya zo ya ga abin da ludayi ya haifa. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin murhun wasu, yana so a ce masa sannu da arziki sau ɗaya.

Bai roƙi maigidana ba, ba zai ma iya ba. Aike ya yi, wai in yaron nan yana da sarari, akwai ɗan kaya da za a kai gida. A gidanmu an riƙe alkunya da ƙarfi, har ta fi ta maƙwabta. Maigidana in ya hango Baba daga nesa yake cire takalmi, ya zo ya tsuguna, kansa a ƙasa, kuma ko yunwa za ta kashe shi ba zai ci komai a gabansa ba. Ni kuwa ni ce 'yar fari. Ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, in zai gaya mini abu sai ya kalli bango ya gaya masa, ni in tsinta. Inna ma haka, sai dai ita takan haɗa da harara.

Maigidana ya je sansanin ya dubo ɗakin. Da ya dawo ya zauna a gaban kwanon tuwo bai buɗe ba, yana ta murza yatsun ƙafarsa. Na tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau. Sai da na matsa masa ya yi magana.

"Ba za ta iya ba," ya ce. "In babu komai a ciki, a kan kwalta, a hankali, wataƙila. Amma hanyar Kakangi, ga ruwa ya fara sauka, ba za ta iya ba."

"To ka gaya masa mana."

Ya ɗago ya dube ni. "Ke ki gaya masa. Ai babanki ne."

Na san abin da yake nufi, ya san abin da nake nufi. Tuwon ya huce a gabanmu.

Washegari muka yi shawarar bi ta hannun mai gadin sansanin. Dattijo ne, mutumin Gbagyi, Kirista, aminin Baba na shekara da shekaru, tare suke cin goro, shi kaɗai ne yake iya yi wa Baba wasa ya kwana lafiya. Maigidana ya ja shi gefe ya yi masa bayani dalla-dalla: motar ƙarama ce, hanyar ba ta da kyau, a bari sai kaka in ƙasa ta bushe, in kuwa dole ne yanzu, to a tafi da ɗakin wayam, kayan ciki ya dawo ya kwashe su daga baya, ko sawu nawa ne zai yi. Mai gadi ya gyaɗa kai ya ce ya ji sarai, a bar masa. Ina tsaye a bayan madafi ina taya Inna ɗaure kwanuka lokacin da ya isar da saƙon. Ya tarar da Baba yana goge gilashin tagar ɗakin da tsumma, yana murmushi shi kaɗai. Ya tsaya ya daɗe yana kallon sa, ya ɓantari goro, sannan ya ce surukinsa yana gaishe shi, wai kayan da ɗan nauyi-nauyi.

Baba ya ce ai gaskiyar yaron ne. Ya shiga ɗakin ya fito da turmin Inna, ya kai shi bodin motar ya ajiye. Iyakar abin da saƙonmu ya rage ke nan, shi ma daga baya ya koma cikin ɗakin. Na ji kamar in jefi mai gadin nan da murfin tukunya, amma ko ni aka aika, da fuskar nan ta Baba zan tarar.

Maigidana ya kai motar wurin mai walda, aka kafa mata faranti mai kauri a tsakiyar bodi, aka huda rami. Da hannunsa ya riƙe ƙarfen ana liƙawa. Ya ƙara mata ganyen sifirin, ya duba birki, ya cika jarka da ruwa saboda lagireto. Duk abin da mutum zai yi in ya san ba zai yi amfani ba, ya yi.

Ranar tafiya muka isa sansanin da hantsi, muka tarar an gama lodi. Ashe Turawan ba ɗaki kawai suka bari ba, kuma Baba ba ya yar da komai. Akwai murhun ƙarfe wanda sai maza huɗu suke ɗaga shi, akwai tankin ruwa, da ragowar kwanon rufi, da akwatunan gwangwanaye, ga buhunan masara da gishiri da ya saya don kada ya shiga gari hannu rabbana. Duk masu nauyin ya sa an tura su can cikin wuyan ɗakin, a gaba, don ya ce haka ya ga ana yi wa manyan motoci lodi. Wuyan kuwa shi ne zai hau kan motarmu.

Aka ɗaga shi da jak da gumagumai, maigidana ya yi baya-baya ya shiga ƙarƙashi, aka sauke. Ina kallon sifirin ɗin nan da ya saba zama a lanƙwashe ya miƙe sambal. Bayan motar ya zauna har yana neman taɓa taya, hancinta ya ɗaga sama kamar akuya tana kai wa ganye. Maigidana ya zaga ta sau ɗaya. Mutanen sansanin suna ta sa albarka.

Baba ya sha sabuwar babbar riga fara da hula, ya shiga gaba ya zauna. Maigidana ya tsaya a bakin ƙofarsa yana tunani, sannan ya cire takalmansa ya tura ƙarƙashin kujera. Ba zai iya zama kusa da surukinsa da takalmi ba. Haka ya tuƙa mu, ƙafa ba komai, a kan ƙarfen da zai yi zafi kamar tanda. Ni da Inna aka sa mu a cikin ɗakin. Na haye can cikin wuyan, na matsu tsakanin buhuna, inda akwai wata 'yar taga da ke duban gaba. Ta nan nake hango ƙeyarsu su biyu ta gilashin bayan motar, ɗaya da hula a karkace, ɗaya a sunkuye.

A kan babbar hanya abin ya zo da sauƙi, in dai tafiyar hawainiya sauƙi ce. Duk ƙauyen da muka ratsa mutane na fitowa kallo, mata na leƙowa ta saman danga, Baba na ɗaga musu hannu ta taga. Har na fara ce wa kaina ƙila maigidana tsoro ne ya yi masa yawa. Da muka shigo Birnin Gwari muka zo daidai layinmu, na ji ya rage gudu, ya rage, har ya kusa tsayawa. Na gane nufinsa. Yana jira ne Baba ya ce a tsaya a sha ruwa, shi kuma ya samu hanyar sauke buhuna a zauren gidanmu da sunan ajiya. Baba yana can yana kallon jama'a. Motar ta ja numfashi ta wuce, na ga ƙofar gidana tana komawa baya.

A mararrabar Kakangi muka tarar da wasu 'yan'uwan Baba guda biyu, sun dawo daga kasuwa da keke da buhun kanwa, suna hutawa a gindin bishiya. Mota ba ta wuce ɗan'uwa a hanya, balle irin wannan rana. Baba ya ɗaga hannu, aka tsaya. Suka shigo da kekensu da kanwarsu, suna shafa bango, suna buɗe kabad suna rufewa, ɗayansu ya ce lallai ludayi ya yi rana. Na so a ce Baba ya ji, don saboda wannan maganar ake duk wahalar nan, amma yana gaba.

Daga nan kwalta ta ƙare, burji ma bai yi nisa ba ya ƙare, sai sawun tayoyi biyu da ciyawa a tsakiya. Muka shiga daji. Doka da kaɗanya da maɗaci suka rufe mu, rassa na karce rufin ɗakin, ƙudan tsando na shigowa ta taga. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi. Duk ramin da motar ta faɗa sai ɗakin ya danna ta, in ta fito sai ya fizge ta baya. Kabad ya buɗe, kwanukan Inna suka zube, ta dafe bango tana salati. A gangara kuwa ba motar ke jan mu ba, mu ke tura ta, ina ganin kafaɗun maigidana suna kokawa da sitiyari, hancin motar na zuwa inda ya ga dama don tayoyin gaba da ƙyar suke taɓa ƙasa.

Azahar ta yi mana a wani hawa, lagireto ya tafasa. Aka tsaya, aka yi salla, maigidana ya jira injin ya huce ya zuba ruwa. Wani ƙauri ke tashi daga ƙarƙashin motar kamar an babbake gashi, ko ni da ban san kan mota ba na san kuloci ne ke cin kansa. Baba ya zo ya tsaya a gefe, hannu a baya, ya ce wa 'yan'uwansa motocin yanzu ba su da ƙwari, ta Bature in tana jan ɗakin nan ko tari ba ta yi.

Maigidana ya ce, "Haka ne, Baba."

Wallahi wannan "haka ne" ta fi komai ƙona mini rai a ranar. Na koma ciki na samu Inna tana tattara kwanuka, na ce mata a hankali motar nan mutuwa za ta yi in ba a sauke kaya ba, ta yi wa Baba magana don Allah. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa kwanon da ke hannunta bakin mutum dai ya riƙa faɗin alheri, kuma inda maza suke mata ba sa tsara tafiya. Na haye wurina na zauna. Babu abin da ya rage mini sai kallo ta 'yar tagar nan.

Da la'asar sakaliya muka iso rafin. Ba wani babban rafi ba ne, da rani yara ma tsallake shi suke yi. Amma ya ci ƙasa ya yi zurfi, sai ka gangara sosai kafin ka taɓa ruwa, ka kuma hau sosai kafin ka fita, kuma ranar ruwan ya kai gwiwa, ja wur da laka. Maigidana ya tsayar da mota ya fita. Ya naɗe wando ya ratsa ruwan, ya hau wancan gefen yana danna ƙasa da diddige, ya dawo. Ya zo bakin tagar Baba ya tsuguna. Na ce a raina yau dai zai faɗa.

"Baba," ya ce, "ko mutane za su ɗan sauka su miƙe ƙafa?"

Baba ya ce ai kuwa gara haka. Muka sauka duka, mutane kawai. Murhun ƙarfe da tanki da buhuna ba su da ƙafar miƙewa. Na tsaya kusa da maigidana na ce masa a ƙasa-ƙasa ya sa 'yan'uwan nan su fito da kayan, mu ɗauke su a ka mu haye da su. Ya ce Baba da hannunsa ya shirya su, kuma da muka sauka ya kulle ɗakin, makullin na aljihunsa. Zai ce ya ba shi makulli ya warware masa lodi a gaban ƙannensa? Na ce to sai me? Ya shafa gefen motar da tafin hannu, ya shiga.

Muka haye a ƙafa, Baba ya tattare rigarsa a kafaɗa. Daga wancan gefen muka tsaya muna kallo.

Gangarar ba shi ya yi ta ba, ɗakin ne ya yi. Tun daga sama ya turo motar, tayoyinta a daskare da birki suna jan laka, har suka faɗa ruwa tare. Ya taka mai, ta yi kuka, ta ratsa ruwan, ta kama hawa. Ta yi rabi. A nan hancinta ya ƙara ɗagawa, tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya suna watso mana taɓo. 'Yan'uwan Baba suka ruga suka kama turi. Ta koma baya kaɗan, suka tokare mata taya da dutse a madadin waigi. Ya sake gwadawa. Baba da kansa ya saki rigar ta faɗi a laka, ya je ya sa kafaɗa a jikin ɗakin yana turawa, tsoho da shi, jijiyoyin wuyansa a waje. Ni ma na je na tura, Inna ma. Hayaƙi da ƙauri suka cika wurin.

Ƙarar ba ta da ƙarfi. Ƙas, kamar an taka busasshen itace mai kauri. Sai na ga motar ta lanƙwashe a tsakiya, tsakanin mazaunin direba da bodi, cikinta ya sauka ya zauna a ƙasa. Ƙarfen gindinta, wanda yake riƙe da ita tun daga gaba har baya, shi ne ya karye. Injin bai mutu ba, yana ta kaɗawa abinsa kamar ba abin da ya faru. Maigidana ne ya miƙa hannu ya kashe shi, sannan ya zauna a ciki, hannuwansa a kan sitiyari, ya daɗe bai fito ba.

Da ya fito, Baba na tsaye a gabansa, laka har gemu. Ya tsuguna kamar kullum, a cikin taɓon.

"Za ta gyaru?" in ji Baba.

"Za ta gyaru, Baba, in Allah ya yarda."

Baba ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin motar. Kuku ne, bai san inji ba, amma wanda ya shekara yana saɓa kaji ya san karyayyen baya in ya gan shi. Ya miƙe ya dubi ɗakin, ya dubi sifirin, ya dubi ƙafafun maigidana da suka yi bororo saboda zafin ƙarfe. Ina jin a nan ne saƙon mai gadi ya isa gare shi, cikakke. Bai dubi kowa ba ya ce, "Ashe haka ne." Ni kuwa na juya baya na fashe da kuka, kukan baƙin ciki da haushi, ban ma san wa nake jin haushi ba, dukansu ne, har da motar da ta yi ta biyayya tun safe.

Akwai wani ƙauyen Gbagyi kusa da rafin, su suka ji kukan inji suka zo. Matansu suka ɗauki abin da zai ɗauku a kafaɗa, mazan suka ce murhu da tanki sai wata rana. Haka Baba ya shiga Kakangi ana kiran magariba, a ƙafa, rigarsa fara ta koma ja, mata na biye da shi da kwanuka. 'Yan'uwan da suka fito tarba suna ta tambaya ina ɗakin da aka ce, ƙannensa biyu na rantsuwa sun shiga ciki da ƙafarsu, yana nan a rafi. Baba ya wuce cikin gida. Maigidana bai biyo mu ba, ya zauna wurin motarsa.

Ɗakin bai taɓa isa Kakangi ba. Mutanen ƙauyen suka taru da gumagumai suka ture shi gefe don hanya ta buɗe, damina ta kankama, tayoyinsa suka nutse. Daga baya na ji makiyaya na fakewa a ciki in ruwa ya kama su. Motar kuwa wata babbar mota ce ta jawo ta gida. Mai walda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ɗaure ƙarfen ya liƙa, amma ranar da aka fara yi mata lodin doya ta sake ɓallewa a wurin. Aka ɗora ta a kan duwatsu a ƙofar gidanmu. Maigidana ya nemi tuƙi bai samu ba, kowa da direbansa, sai ya kama kamasho a tasha, yana kiran fasinja wa motocin mutanen da a da suke gaishe shi da girmamawa. Ni na fara suyar ƙosai a bakin zaure. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, yaranmu suka koyi lashe kwano.

Ana cikin haka, wata safiya ina share ƙofar gida, na ɗaga kai na ga Baba. A ƙafa ya zo tun daga Kakangi, ya kwana a hanya, yana janye da bijimai biyu manya. Ashe duk abin da ya tara a rayuwarsa shanu ya saya ya ba Filani kiwo, su ke nan ya karɓo. Bai shigo ba, ba ya shiga gidana. Ya ɗaure su a jikin matacciyar motar. Maigidana ya fito ya cire takalmi ya tsuguna, suka gaisa, ya ruwa, ya mutanen gida, ya gajiya. Babu wanda ya ambaci shanu, alhali suna tsaye a kansu suna huci. Na kawo ruwa, Baba ya ce wa bango ya sha a hanya. Ya juya ya tafi, yana ɗingishi.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Ina duban bijiman nan mota nake gani, ko ba sabuwa ba, wadda za ta fita kasuwa ta dawo. Na ce wa maigidana ranar kasuwa ya kai su, Allah ya dube mu. Yana zaune a bakin zaure yana kallon su.

"In na karɓa," ya ce, "na gaya masa shi ya karya ta ke nan."

"Ai shi ya karya ta."

Ban taɓa faɗin haka da baki ba sai ranar. Na ƙara da cewa shi ma Baban ya sani, shi ya sa ya tako da tsufansa, kuma yaran nan ba alkunya za su ci su ƙoshi ba. Na yi faɗa, na yi roƙo, na yi kuka, na kira sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya. Ya saurare ni har na gaji. Ya tashi ya yanko wa shanun ciyawa, ya ba su ruwa a bokitin da yake wanke mota da shi.

Washegari da sassafe ya kwance igiyar. Na tsaya a bakin zaure da ƙullun ƙosai a hannu, ban ce masa a dawo lafiya ba, na bi shi da ido har ya sha kwanar hanyar Kakangi, direba a ƙasa yana kora shanu. Bai sake mallakar mota ba har Allah ya karɓi ransa. Shi da Baba kuwa sun ci gaba da gaisawa lafiya lau.